Bayan sallama daga asibiti: Yadda ake gyara gida domin jinyar miji ko mata a Kankia da Kusada

Ranar da likita ya sallami maras lafiya rana ce ta murna ga iyalinsa. Sai dai ga gidan da aka dawo wa da miji ko mata da shanyewar ɓarin jiki, ko karayar ƙugu, ko rauni a laka, ko ƙafar da aka yanke saboda ciwon suga, a ranar ce ainihin jinya take farawa. Aikin da ma'aikatan jinya ke yi bi da bi a asibiti ya dawo kan mutum ɗaya ko biyu, a cikin gidan da ba a gina shi da tunanin wanda ba ya iya tafiya ba.

Mutanen Kankia da maƙwabciyarta Kusada sun san wannan hanya. Akan fara da asibitin kusa ko Babban Asibitin Kankia, idan ciwo ya yi tsanani a tura mutum Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tafiyar kimanin kilomita 60, ko a wuce Kano, zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙashi na Dala. Kafin a dawo, sau da yawa an sayar da tumaki ko hatsi, wani lokacin har an jinginar da gona, domin alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa. Saboda haka gyaran gida kan zo ne a daidai lokacin da hannu ya bushe.

Daga zaure ake fara cin karo

Ginin gidan Bahaushe an tsara shi ne domin sutura. Ƙofar zaure ta waje ba ta kallon ta ciki, kuma akan bi ta shigifa ko wani lungu kafin a isa tsakar gida. Wannan kwana da ke kare matan gida daga idon baƙo ita ce ke hana keken guragu wucewa. Haka dokin ƙofa, wanda ake ɗagawa don kada ruwan damina ya shiga ɗaki, ya zama katanga ga mai jan ƙafa.

Ba sai an rushe gida ba. Keken guragu na buƙatar ƙofa mai faɗin aƙalla inci 32, wato kusan santimita 80, kuma wani lokaci cire ƙyauren kawai a sa labule ya wadatar. A dokin ƙofa magini zai iya yin gangara da siminti ko da jar ƙasa da aka daɓe sosai. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce, kowane inci ɗaya na tsayi a ba shi ƙafa ɗaya ta tsawo. Dokin ƙofa mai inci shida ke nan yana son gangara mai ƙafa shida. Idan ta fi haka tsayuwa, mai tura keken zai sha wahala, kuma keken na iya kifewa.

A tsakar gida ma akwai aiki: a cike ramuka, a rufe kwata, a kawar da turmi da turken awaki daga hanyar da ke tsakanin ɗaki da banɗaki.

A wane ɗaki za a yi jinya?

Wannan tambaya ta fi ta siminti nauyi. Turakar maigida takan kasance kusa da zaure, nesa da inda mata ke aiki, ta yadda idan ya yi kira da murya mai rauni ba lallai a ji shi ba. Ɗakin da ya dace shi ne wanda ke kusa da banɗaki, mai taga da iska ke shiga, kuma wanda mai jinya za ta iya kwana a ciki.

A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, zaɓen ɗaki na taɓa rabon kwana, kuma yana iya haifar da ɓacin rai idan ba a zauna an yi magana ba. Malamai kan kawo misali da Manzon Allah (SAW), wanda a ciwonsa na ƙarshe ya nemi izinin matansa kafin a yi jinyarsa a ɗakin Nana A'isha. Idan an samu yardar juna, ɗaki ɗaya ne, amma aikin a raba shi.

Idan kuwa matar ce ba ta da lafiya, al'ada takan sa a mayar da ita gidan iyayenta. Hakan na da amfani inda akwai uwa ko 'yan uwa mata masu ƙarfin ɗawainiya, amma yana raba ta da 'ya'yanta da ɗakinta, kuma a wasu gidajen daga nan aure ke fara sanyi. Abin da ya fi dacewa shi ne a tambaye ta inda take so, idan ta zaɓi ɗakinta a ɗauko wata 'yar uwa ta zo ta taya, mijin kuma ya koyi ɗagawa da juyawa da kansa.

Gado da gyambon kwanciya

Katifa a ƙasa tana da sauƙi, amma ɗaga babban mutum daga ƙasa sau da yawa a rana na lalata bayan mai jinya. Gado mai tsayin kujera, wanda ƙafar maras lafiya za ta taɓa ƙasa idan ya zauna a bakinsa, ya fi. A janye shi daga bango yadda za a iya zagaya shi, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin zanin gado, a ɗaura gidan sauro.

Babban abokin gaba a nan shi ne gyambon kwanciya. Idan mutum ya daɗe a ɓangare ɗaya, jini ba ya isa ga fatar da ke kan ƙashi, musamman ƙugu da gindin baya da diddige, sai wurin ya mutu ya zama rami. Ma'aikatan lafiya kan ba da shawarar a juya maras lafiya duk bayan awa biyu, dare da rana, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a kuma duba fatar kullum. Duk wurin da ya sauya launi ko ya yi zafi alama ce ta gargaɗi. A zafin watannin Maris zuwa Mayu, gumi da fitsari na saurin ɓata fata, don haka zanin da ya jiƙe ba ya jira sai safe.

Banɗaki da mutunci

Masai na tsuguno ba ya yiwuwa ga wanda ƙafarsa ba ta ɗaukarsa. Kafinta zai iya huda kujerar katako mai hannu a ɗora ta kan bakin masai, ko a ajiye ta a ɗaki da bokiti mai murfi a ƙarƙashi, a kare da labule. Mai walda kuma zai iya kafa bututun ƙarfe a bango domin riƙewa. A wurin wanka a sa kujera mai ƙarfi, a kankare gansakuka, a tanadi fitila mai caji ko ta sola, domin faɗuwa da daddare na iya mayar da mutum asibiti da sabuwar karaya.

Haka batun ibada. Addini ya sauƙaƙa wa maras lafiya yin salla a zaune ko a kwance, da taimama idan ruwa zai cutar da shi. Juya gadon yadda zai fuskanci alƙibla ƙaramin aiki ne da ke kwantar wa mutum hankali.

Kurakuran da ƙauna ke jawowa

Da yawa daga cikin illolin da ake samu a gida da kyakkyawar niyya ake yin su. Gasa ƙafar da ba ta ji da ruwan zafi kan bar ƙuna ba tare da maras lafiya ya sani ba. Jan mutum ta hannun da ya shanye na iya gurɗa kafaɗa. Ɗura masa ruwa ko koko yana kwance na iya tura abincin cikin huhu, domin shanyewar ɓarin jiki kan taɓa haɗiya. A zaunar da shi tsaye, a ba shi kaɗan kaɗan, ya ci gaba da zama kamar rabin awa bayan ya gama. A lokacin hunturu kuma, kaskon gawayi a ɗaki rufe, kamar hayaƙin janareta, yana kisa ba tare da an ankara ba.

Wani kuskuren shi ne dakatar da maganin hawan jini ko na suga da zarar an ga sauƙi, alhali hawan jini shi ne kan gaba wajen jawo shanyewar jiki karo na biyu. Rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a tukunyar gida duka ya fi sauƙi a kan dafa wa mutum ɗaya nasa daban.

Haka nan yi wa maras lafiya komai ba gata ba ne. Mafi yawan sauƙin da ake samu bayan shanyewar jiki a watanni uku zuwa shida na farko yake zuwa, kuma yana tafiya ne da motsa gaɓoɓi kullum. Tun kafin a bar asibiti ya kamata mai jinya ta sa likitan fisiyo ya nuna mata atisayen da hannunta, ta kuma karɓi lambar da za ta kira.

Inda hukuma ta tsaya

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara biyar su samar da hanyar shiga. Dokar ba ta shiga cikin gidajen mutane ba. A 2017 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin da ke kira ga ƙasashe su sa aikin farfaɗo da marasa lafiya cikin kiwon lafiya tun daga matakin farko, amma har yanzu likitocin fisiyo a manyan birane suka fi yawa, ga tsadar mota tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Kankia na da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: makarantar koyon fasahar kiwon lafiya, wadda ke yaye ma'aikatan lafiya na al'umma. Da za a tsara irin waɗannan ma'aikata su riƙa leƙa gidajen da aka sallamo masu jinya, su duba gado da fata da awon jini, da an rage masu komawa asibiti da gyambo.

Kafin a kai ga haka, nauyin na kan dangi. Matar da ke tashi duk awa biyu tana juya mijinta ita ma za ta kwanta idan ba a karɓe ta ba. Masu zuwa dubiya da lemo da addu'a za su fi amfani idan suka raba kwanakin mako a tsakaninsu: wannan ya kwana, wancan ya ɗebo ruwa, wani ya ɗauki kuɗin magani na wata.