Kada Ka Yi Saurin Sayar da Shanun Huɗa

'Yan'uwa manoma, a zagayen da nake yi cikin ƙauyuka akwai tambayar da samari suke yawan yi mini. Sukan ce, "Malam, har yau muna nan muna bin bayan shanu? Ba gara mu sayar da su mu riƙa hayar tarakta ba?" Tambaya ce mai kyau. Bari mu zauna mu yi lissafi tare, gama abincin iyali na shekara guda yana rataye a kan amsar.

Garmar shanu ma baƙuwa ce a dā

Kakanninmu da fartanya da garmar hannu suka yi noma. A Daura aka fara gwada huɗa da shanu a ƙasarmu, cikin 1922. Daga 1928 aka soma shirin koya wa manoma haɗa noma da kiwo, ana ba su rancen shanu da garma. Garmar nan da ake kira Emcot daga Ingila aka fara kawo ta. Amma yau maƙeran kasuwanninmu suna ƙera irinta, suna kuma gyara ta. Baƙuwa ta zama 'yar gida.

Labarin tarakta dabam ne. Lokacin da kuɗin man fetur ya yi yawa, wajen 1976 zuwa 1980, gwamnatoci sun shigo da taraktoci masu yawa, suka buɗe wuraren ba da su haya. Da darajar naira ta faɗi a 1986, sai kayan gyara suka yi tsada. Taraktoci da dama suka kwanta, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. A 2023 naira ta sāke faɗuwa ƙwarai, farashin mai da na kayan gyara suka hau. Duk cikin shekarun nan shanu ba su fasa aiki ba ko na damina ɗaya don rashin wani ƙarfe daga ƙasashen waje.

Abu huɗu da za ka auna

Na ɗaya, lokaci. In ruwan shuka ya sauka, kowa yana neman tarakta a rana ɗaya. Direba kuwa gonar mai eka hamsin zai fara zuwa, ba ta mai eka uku ba. Na san wani manomi da ya sayar da shanunsa da rani, ya biya kuɗin tarakta tun da wuri. Ruwa ya sauka, ya yi ta jira har maƙwabtansa suka gama noman fari. Masararsa ba ta nuna ba ruwa ya ɗauke. Mai shanu kuwa da asuba yake ɗaura karkiya. In ƙasa ta jiƙu, shanu biyu masu lafiya sukan huɗe kusan eka ɗaya kafin rana ta yi zafi. Hausawa suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na biyu, kuɗi. Abin da ka biya mai tarakta ya tafi ke nan. Sā kuwa ƙaruwa yake yi a hannunka. Ka sayi ɗan shekara uku, ka hore shi, ya yi maka aiki shekara huɗu ko biyar, sa'an nan ka turke shi ya yi ƙiba. Sau da yawa kuɗinsa yakan sayi wani ƙarami har da saura. Ban da haka, za ka yi wa maƙwabta huɗa a biya ka. Da rani kuma amalanke yana kai taki gona, yana ɗauko ruwa da itace, yana kai hatsi kasuwa.

Na uku, ƙasa. Tarakta tana shan man dizal, ta bar maka hayaƙi. Shanu suna cin kara da harawa da dusa daga gonarka, su mayar maka da taki. Takin shanu yana sa ƙasar jigawa ta riƙe ruwa, abin da takin zamani ba ya yi. Haro na tarakta kuma, in ana maimaita shi kowace shekara a ƙasa mai yashi, yakan niƙe ta ta zama gari, iska da ruwa su kwashe. Nauyin tarakta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa yakan danƙare ta daga ciki, saiwa ta kāsa ratsawa.

Na huɗu, gyara. In bakin garma ya cinye, ranar kasuwa maƙeri zai sa maka sabo. In karkiya ta karye, masassaƙi yana nan cikin gari. In tarakta ta lalace fa? Sai an nemo makanike, sai an aika Kano ko Kaduna ko Jos neman ƙarfen. Damina kuwa ba ta jiran kowa.

Aikin hira ba wasa ba ne

Akwai wani abin da ya tafi tare da wannan. Dā in an gama kaka, dattawa sukan zauna gindin bishiya suna hira, hannu kuwa bai zauna banza ba. Wannan yana tufka igiyar rama, wancan yana saƙa takunkumin shanu da kaba, wani yana feƙe ƙota. Yara suna kallo suna koyo. Yanzu da yawa cikin samarinmu waya ce a hannunsu, igiya kuwa sai ta roba daga kasuwa. Ba na zargin waya, tana da amfaninta. Amma gidan da ba mai iya tufka ko sassaƙa, kome ƙanƙantar abin da ya lalace sai an fitar da kuɗi. Iyaye, ku zaunar da 'ya'yanku kusa da ku. Hannun da ya koya yana ƙarami ba ya mantuwa.

Inda shanu ba su isa ba

Gaskiya ɗaya ce, sai a faɗe ta. Mai babbar gona, ko mai fadama da laka mai tauri, ko mai fasa sabuwar saura, tarakta za ta taimake shi. Inda ƙudan tsando ya yi yawa, sammore yakan karya shanu. A wuraren da satar shanu ta yi ƙamari kuma, ajiye su a gida yana iya jawo wa iyali hatsari. Kowa ya san yankinsa, rai ya fi dukiya. Amma in ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafe ka, ka yi tunani sau biyu, kada ka yi sakin reshe kama ganye.

In ka riƙe su, ka lura da su

Shanu sukan fi ramewa a bazara, daidai lokacin da aiki ya matso. Saboda haka ka tanadi harawar gyaɗa da ta wake a inuwa tun da kaka. Ka ba su dusa da ɗan gishiri ko kanwa, da ruwa mai tsabta. Ka cire musu kaska, ka ba su maganin tsutsar ciki farkon damina da ƙarshenta, ka kai su allurar ciwon huhu in malaman dabbobi sun zo. Allura tana aiki: bushiya da ta hallaka shanu da yawa a ƙasarmu a 1983, an sanar da kawar da ita daga duniya a 2011. Ka gyara karkiya ta zama da santsi, kada ta ji musu a wuya. Ka fita da su da sanyin safiya, ka kwance su bayan awa huɗu ko biyar. Ka rage bulala, gama sān da ya saba da muryarka ya fi mai tsoronka aiki.

Sabon abu ba laifi ba ne. Amma kafin ka karɓe shi, ka tambayi kanka: in ya lalace a tsakiyar damina, wa zai gyara mini, a ina, da nawa? In amsar tana cikin ƙauyenku, abin naka ne. In amsar tana birni, aro ka yi. Allah ya ba mu damina mai albarka.