Shin Samudawa ne suka yi zanen Geji?

Akan ji wannan magana a majalisu a Bauchi, yanzu kuma har a WhatsApp: wai zanen da ke jikin duwatsun Geji, a ƙaramar hukumar Toro, aikin Samudawa ne ko wasu baƙi daga Masar, wai ya haura shekara 20,000, Turawa sun auna sun ɓoye sakamakon.

Zanen dai yana nan, wannan gaskiya ne. Da jan launi aka yi shi, akwai mutane da shanu da namun daji, kuma mai binciken kayan tarihi Hamo Sassoon ya wallafa bayaninsa a mujalla tun 1960. Abin da aka buga a mujalla ba a ce masa ɓoyayye. Gaskiya ne kuma Arewa ta daɗe da mutane masu fasaha. A 1987 wani Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita 8.4, awo ya nuna ya kai shekara 8,000. Mutanen Nok, masu mutum-mutumin yumɓu, sun fara zama tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Inda maganar ta kauce shi ne lissafin. Awon kabon, wanda ya ba kwalekwalen Dufuna shekarunsa, yana aiki ne kan abin da ya taɓa rai: itace, gawayi, ƙashi, ƙwayar gero. Da zarar abu ya mutu, wani nau'in kabon da ke jikinsa zai riƙa raguwa, rabinsa na tafiya a shekara 5,730, sai a auna saura. Dutse bai taɓa numfashi ba, haka jar ƙasar da ake zane da ita. Duk wanda ya ce an auna dutsen Geji, a tambaye shi: me aka ɗauka, daga ina, wane ɗakin gwaji?

Zanen kansa ma shaida ne. Mai zane ya ga saniya kafin ya zana ta, shanun kiwo kuwa ba su gangaro ƙasashen da ke kudu da Sahara a Afirka ta Yamma ba sai wajen shekara 4,000 da suka wuce. Ina 20,000 za ta shiga?

Batun baƙi ya fi damuna. A 1910 Bajamushe Leo Frobenius ya ga kan tagulla da kawunan yumɓu a Ife, ya ƙi yarda Yarabawa ne suka yi, ya jingina su ga Atlantis, ƙasar tatsuniya da aka ce teku ya cinye. Bincike ya rushe zancensa. Abin takaici ne mu ɗauko raini irin nasa mu yafa wa kakanninmu da bakinmu. Matoyan ƙarfe na Ampara da rijiyoyin Dukkey a gandun dajin Yankari, da ganuwar da aka kewaye Bauchi da ita bayan Malam Yakubu ya kafa garin a 1809, duk hannun mutanen ƙasar nan ne.

Jita-jitar tana da ɓarna a ƙasa. Wanda ya yarda akwai dukiyar Samudawa sai ya ɗauki diga ya shiga tono, ya watsar da gawayi da katangar tukwane yana neman zinariya, alhali su ne abin da ake aunawa. Wanda ya yi tuntuɓe da irin waɗannan a gona ya bar su inda suke, ya ɗauki hoto, ya sanar da mai unguwa da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.