Daga NCE ko difloma zuwa jami'a: Yadda ake lissafa karatun da ɗalibi ya riga ya yi

Duk shekara, da zarar Hukumar JAMB ta buɗe rajistar shiga jami'a kai tsaye, wadda aka fi sani da DE, tambaya guda ce ke yawo a bakin malaman firamare da ƙananan ma'aikata da iyayen yara a garuruwa irin su Matazu da Musawa da Malumfashi: wanda ya shafe shekara uku a kwalejin ilimi, ko biyu a kwalejin kimiyya da fasaha, daga ina zai ɗora idan ya koma jami'a?

Tambayar tana da nauyi a wannan yanki. Gidaje da dama a Matazu da abin da gona ta bayar suke biyan kuɗin makaranta, don haka ƙarin shekara guda a jami'a tamkar ƙarin damina guda ce da za a sayar da masararta da dawarta. Shi ya sa ɗalibai da yawa kan fara da abin da ya fi kusa, kamar Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da niyyar neman digiri daga baya.

Aji ake yafewa, ba darasi ba

A Amurka, wanda ya yi shekara biyu a ƙaramar kwaleji kan kai sakamakonsa jami'a a duba darasi bayan darasi, a karɓi wanda ya dace, a ajiye wanda bai dace ba. A Najeriya takardar shaidar ake dubawa ɗungurungum. Mai NCE ko difloma ta ƙasa, wato ND, ko sakamakon IJMB ko JUPEB, idan ya cika sharuɗɗa, daga aji biyu yake farawa. Mai babbar difloma ta HND wasu jami'o'i kan sa shi a aji uku, wasu kuma a aji biyu, gwargwadon fanni da darajar sakamakonsa.

Ma'anar wannan ita ce shekara ukun NCE shekara ɗaya take sayo wa mai ita. A ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, wanda ya shiga ta jarrabawar UTME yana buƙatar aƙalla yunit 120 kafin ya kammala digiri na shekara huɗu, shi kuwa ɗan DE aƙalla yunit 90 a shekara uku. Yunit 30 ɗin da ke tsakani su ne abin da aka yafe masa. Sau da yawa ma akan buƙaci ya ɗauki wasu darussan gama-gari na aji ɗaya, kamar na amfani da harshen Turanci.

Akwai kuma abin da kan zo wa mutane ba zata. Makin da ɗalibi ya ci a kwaleji ba ya shiga lissafin darajar digirinsa. Jimillar makinsa, wato CGPA, daga aji biyu take farawa sabuwa fil. Wanda ya fita da sakamako mai kyau a NCE, ƙofa kawai ya buɗe masa. Tun da shekarunsa uku ne kacal, zangon karatu guda da ya tafi a banza ya fi yi masa illa fiye da abokinsa mai shekara huɗu.

Inda ake yawan tuntuɓe

Na farko shi ne sakamakon sakandare. NCE ba ta goge gibin da ke cikin takardar WAEC ko NECO. Jami'a na neman kiredit biyar a zama ɗaya ko biyu, ciki har da Turanci, da kuma Lissafi a fannonin kimiyya da fasaha da kasuwanci.

Na biyu shi ne dacewar fanni. Wanda ya haɗa Hausa da Nazarin Addinin Musulunci a NCE ba zai nemi digirin aikin akanta da ita ba. Kowane sashe a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko Jami'ar Ahmadu Bello, ko Jami'ar Bayero yana da nasa sharaɗi kan darussan da yake karɓa da mafi ƙarancin daraja. Difloma ta cikin gida da wata makaranta ta ƙirƙira ba kowace jami'a ke amincewa da ita ba, saɓanin ND da Hukumar NBTE ta tantance.

Na uku shi ne tantance takardu. A shekarar 2023 JAMB ta tsaurara rajistar DE, inda ta bayar da misali da binciken da Jami'ar Bayero ta yi a kan takardu 148, aka tarar shida ne kaɗai na gaskiya. Tun daga nan, sai makarantar da ta bayar da takarda ta tabbatar da ita kafin a ba mai ita gurbi. Wanda tsohuwar makarantarsa ta yi jinkirin aika cikakken sakamakonsa, wanda ake kira tiranskirif, yana iya rasa shekara ba da laifinsa ba.

Na huɗu shi ne rajistar JAMB ita kanta. Tun 2017 ake bayar da gurbi ta manhajar CAPS, kuma duk gurbin da aka bayar a bayan fage ba ya cikin kundin hukumar. Wanda babu sunansa a kundin zai gamu da cikas ranar da ya je neman shiga shirin yi wa ƙasa hidima.

Sauya jami'a ana cikin karatu

Wannan hanya ce daban. Ɗalibin da ke son barin wata jami'a zuwa wata, saboda kuɗi ko tsaro ko sauyin wurin aikin iyaye, yawanci sai ya kammala aji ɗaya da sakamako mai kyau, ya samu takardar sallama daga inda yake, sannan a aika tiranskirif ɗinsa daga ofis zuwa ofis. A nan ne ake duba darussa ɗaya bayan ɗaya. Sashen da zai karɓe shi ne ke tantance wanda ya yi daidai da nasa, kuma yana iya mayar da ɗan aji uku aji biyu. Sabuwar manhajar da NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022, wadda ta sa kashi 70 cikin 100 na darussan kowane fanni ya zama bai ɗaya a faɗin ƙasa, ta rage wannan saɓani, amma hukunci na ƙarshe yana hannun jami'ar da ake nema.

Masu tunanin gajeruwar hanya ta ƙetare iyaka su tuna cewa a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin da aka samo daga Jamhuriyar Benin da Togo.

Lissafin da ya kamata a yi tun farko

A tsarin aikin gwamnatin tarayya, mai NCE daga mataki na 7 yake farawa, mai digiri kuwa daga na 8, don haka komawa karatu yana da riba. Sai dai a sa shekaru a lissafi. Wanda ya gama NCE yana da shekara 23, ya yi koyarwa ta shekara huɗu, zai kammala digiri yana da 30 idan komai ya tafi daidai. Yajin aiki irin na wata takwas da malaman jami'a suka yi a 2022 ya isa ya tsallakar da shi iyakar shekarun hidimar ƙasa, a ba shi takardar yafewa a maimakon kaki.

Dokar 2023 da ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar bayar da digiri tare da NCE ta ƙara wata ƙofa. Duk da haka, tun ran gini ran zane. Uban da zai kai ɗansa kwaleji a bana ya fara duba kundin kwasa-kwasan JAMB, ya ga digirin da darussan yaron za su iya kai shi, ya tabbatar kiredit ɗinsa sun cika, kuma gurbinsa ya bi ta CAPS, kafin ya sayar da buhun farko.