Kisra da Natsuwar Yaro a Omdurman

Tun kafin yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, likitocin yara sun san irin yaron da, in ya ci burodin alkama, cikinsa kan kumbura, gudawa ta biyo baya, jini ya yi ƙaranci, girma ya tsaya, alhali ba sammu ba ne, ba kuma shagwaɓa ba. Ita ce cutar siliyak, wadda wani sinadarin alkama da sha'ir mai suna gulutin ke sa garkuwar jiki ta afka wa bangon ƙaramin hanji. Abin al'ajabi, wani yaƙin ne ya ƙarfafa hujjarta, domin likita Dicke na Holan ya lura, a yunwar 1944 zuwa 1945, cewa irin yaran nan sun murmure da burodi ya ɓace, ciwon kuma ya dawo tare da shi.

Amma hanji ba ya zama shi kaɗai. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi littafi a kan maslahar jiki da ta rai a haɗe, kuma Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, wanda asibitin Omdurman ke ɗauke da sunansa, bai raina wa malaman gargajiya rawarsu wajen kwantar da zuciya ba. Likitocin zamani sun tabbatar akwai jijiyoyi tsakanin ƙwaƙwalwa da hanji, har firgita kan murɗa ciki. To yaron da ya kwana yana jin rugugin igwa, ya wayi gari a layin takiyya, wato wurin rabon dafaffen abincin sadaka, bai san ko abin da za a zuba masa zai cutar da shi ba, wahalarsa biyu ce.

Jan numfashi a hankali, da addu'ar barci a kan kari, da wasa da tsara, suna rage tsoro, ko da yake, a faɗi gaskiya, ba su warkar da siliyak. Magani ƙaurace wa duk abincin da ke da gulutin ne har abada. A ganina, abin da ya fi sanyaya ran yaro shi ne uwa ta zauna gaban doka, wato kaskon gasa kisra, ta shimfiɗa ƙullin dawa siriri da ɗan guntun kaba, gida duka su ci wannan kisra a faranti ɗaya, kada a ware masa kwano kamar majinyaci. Sai dai ta tambayi mai sayarwa in a kasuwa ta saya, domin wasu kan surka ƙullin da fulawa.