Fasadabur: yadda za ku gane shi, da abin da za ku kiyaye

Lemo da ayaba da kankana ba sa yankewa a teburan masu kayan marmari na Gyadi-Gyadi da kasuwar Tarauni. Fasadabur kuwa sai an dace, galibi wajen ƙarshen damina. Ba ya jure tafiya. Da ya nuna, kwana biyu zuwa uku ya lalace, shi ya sa ko a kasuwar 'Yan Lemo ba a sauke shi mota-mota. Itacen gida ne, ya fi kyau a tsinka a sha a nan.

Asalinsa yankunan zafi na nahiyar Amurka, Turawan Sifen da na Fotugal suka yaɗa shi. Indiyawa na ce masa sitafal, Larabawa ƙishɗa, masana tsirrai kuma Annona squamosa. A nan ana yawan haɗa shi da danginsa biyu. Tuwon biri ya fi shi girma nesa ba kusa ba, yana da ƙayoyi masu laushi, ga tsami-tsami. Gwandar daji kuwa tamu ce tun fil'azal, ƙarama, in ta nuna ta yi ruwan ɗorawa.

Fasadabur bai wuce dunƙulen hannu ba. Kore ne, jikinsa ƙulu-ƙulu. Wanda ya ƙosa, za ku ga tsakanin ƙulullukan ya buɗe ya yi fari-fari. Wanda aka tsinke kafin nan sai ya yi baƙi ya ƙandare, asarar kuɗi kawai. In kun samu ƙosasshe mai tauri, ku ajiye a ɗaki har ya yi laushi, sannan a ɓare da hannu, ba sai da wuƙa ba. Cikinsa fari ne, zaƙi kamar an dama madara da sukari, kowane ɓangare rungume da baƙin ƙwallo mai sheƙi, wani ɗan yana da ƙwallaye har 30 ko fiye. Mai gaggawa ba ya jin daɗinsa.

Ƙwallayen nan akwai guba a cikinsu. A tofar, kada a tauna, kada a markaɗa su cikin lemon da ake haɗawa a gida, a kuma cire wa yara kafin a ba su. Garinsu in ya shiga ido yana yi masa mummunan lahani.

Mai ɗan fili a tsakar gida zai iya shukawa: bishiyar ba ta cika wuce mita 6 ba, tana jure fari, takan kaɗe ganye da rani, ta fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4.