Shin Ko Kun San? Keken Daji Ba Na 'Yan Kasada Kaɗai Ba Ne

Shin ko kun san cewa a gandun dajin Birtaniya launi huɗu ake amfani da su wajen yi wa hanyoyin keke alama? Kore na yara ne da sababbin shiga, shuɗi na wanda hannunsa ya ɗan faɗa, ja na gwanaye, baƙi kuwa sai mai ƙarfin hali. Daga wajen masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara aka aro tsarin. Wanda muke gani a talabijin ya sheƙo daga saman dutse yana tsalle da keke, ɗan jar hanya ne ko baƙa. Koriyar kuwa faɗi gare ta, an zuba mata tsakuwa an daɓe, har uwa kan ɗaura wa kekenta 'yar tirela ta ja ɗanta a baya.

Shin ko kun san cewa tsofaffin kekuna ne suka haifi wannan wasa? A 1976 wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka suka fara tseren gangarowa daga tudu, zurfin kusan mita 400 cikin tafiyar kilomita 3 da ɗoriya. Birkin feda ne a kekunan, kuma kafin a kai ƙasa giris ɗin cikinsa ya ƙone, sai an sake cusa wani. Joe Breeze ya ƙera keke na musamman don wannan aiki a 1977, kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper kasuwa a 1981, wasan kuma ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Amma tun 1955 Turawan Ingila ke da ƙungiyar masu barin kwalta su bi daji da keke, wadda aka kafa a garin Leominster. Su ba tsere ya dame su ba. In hawa ya yi tsanani sai su sauka su tura.

Shin ko kun san cewa da yawa daga cikin hanyoyin da suka fi daɗin bi, jirgin ƙasa ne ya bar su gado? Dalilin a fili yake. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta iya hawan tudu mai tsauri, santsi take yi. Saboda haka magina layin dogo suka fasa duwatsu, suka cike kwari, suka gina gadoji, don hanya ta kwanta. Da rahoton Richard Beeching na 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshi fiye da 2,000 da layuka kusan mil 5,000, sai aka cire ƙarafa a wurare da dama aka bar turba. Wahalar da leburori suka sha da diga da shebur, yau yaro ɗan shekara 6 ne ke cin moriyarta. Hanyar Camel da ke Cornwall, mil 18 ce a gefen kogi, tana ratsa kurmi har ta kai garin masunta na Padstow. Ta Monsal a tsaunukan Peak mil 8 da rabi ce, kuma a 2011 aka buɗe ramukan da jirgi ke bi ta ƙarƙashin dutse, aka sa musu fitilu. A dajin Dean kuwa, kusa da iyakar Ingila da Wels, iyalai na zagaya mil 9 a kan tsohon layin da ke jigilar kwal daga mahaƙa.

Ba Birtaniya kaɗai ba. Sifaniya ta fara nata shirin na mayar da tsofaffin layukan dogo hanyoyin keke a 1993. A Niyu Zilan akwai ta Otago, kilomita 152, da aka buɗe a 2000. Mu ma fa mun taɓa samun irin wannan layi: ɗan siririn dogon da ya tashi daga Zariya ya hau tudun Jos don kwasar kuza, wanda aka rufe a 1957. A ganina abin da ya rage na turbarsa ya cancanci a waiwaye shi.

Shin ko kun san cewa yaƙi ne silar yawancin waɗannan dazuzzuka na Birtaniya? Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye katakon Birtaniya, har daji ya koma kashi 5 cikin 100 na ƙasar. A 1919 aka kafa hukumar gandun daji ta shiga dashen itatuwa. Yau dajin ya kai wajen kashi 13. Hanyoyin da aka share wa motocin ɗaukar gungume su ne masu keke suka fara bi, kafin a shekarun 1990 a gina musu nasu na musamman a dajin Coed y Brenin da ke Wels.

Shin ko kun san cewa babban abokin gabar hanyar daji ruwa ne, ba taya ba? Nan ne gwanintar take. Masu tsara hanya suna da ƙa'ida: karkatar hanya kada ta wuce rabin karkatar tudun da take ratsawa. In ta wuce, ruwan sama ya daina tsallake ta, ya mayar da ita magudana, kafin damina biyu ta zama kwazazzabo. Duk wanda ya ga yadda burtali ke zaizayewa a ƙauye ya san zancen. Shi ya sa ake son matsakaicin hawa kada ya zarce mita 10 a kowace mita 100, ake ɗan karkatar da bayan hanyar zuwa gefen gangare, ake kuma sa ta riƙa ɗan hawa da sauka don ruwa ya samu mafita. Wannan lilon da mai keke ke jin daɗinsa, magudanar ruwa ce aka ɓoye. Mai danne birkin baya yana jan taya a ƙasa, da mai shiga hanya tana caɓi, su ne ke rusa aikin.

Shin ko kun san cewa doka ma ta bambanta? A Ingila da Wels, dokar 1968 ta yarda keke ya bi hanyar dawaki, da sharaɗin ya kauce wa mai doki da mai tafiya a ƙasa. Hanyar ƙafa zalla ba ta shiga wannan izini ba. A Sikotlan kuwa, dokar 2003 ta buɗe wa jama'a yawancin filaye da dazuzzuka, muddin ba a yi ɓarna ba: kada a taka shuka, kada a firgita tumaki, ƙofar shinge a bar ta yadda aka same ta. A can ne dajin Glentress yake, inda aka yi gasar duniya a 2023, kuma a dajin nan guda akwai koriyar hanya ta yara.

Shin ko kun san cewa keken da batir ke taimaka wa feda ya mayar da dattawa da dama daji? A Birtaniya, muddin injinsa bai wuce wat 250 ba, kuma yana daina taimako da an kai gudun kilomita 25 a awa, keke ne a idon doka: babu lasisi, babu lamba. Sai dai wanda bai kai shekara 14 ba, ba a yarda ya hau shi a kan titi ba.