Karatu Daga Nesa: Rabon Aiki Tsakanin Katin Waya da Intanet

Bangi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Mariga a Jihar Neja, tana cikin garuruwan da karatu daga nesa ya dace da su, domin zuwa Kontagora ko Minna neman ilimi yana cin kuɗin mota, ga kuma fargabar hanya. Sai dai karatu ta intanet zalla ya fi ƙarfin aljihun ɗalibai da dama, musamman tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025.

Mafita ita ce a raba kayan karatun gida biyu. Darussan bidiyo da na murya da littattafai, waɗanda su ne masu cinye data, a zuba su cikin katin ajiya na waya, ɗalibi ya biya sau ɗaya, ya maimaita su iya son ransa ko babu sabis. Intanet kuwa a bar mata ƙananan ayyuka: rajista, aika amsar jinga, da yi wa malami tambaya. A lissafin tattalin arziki, an mayar da kuɗin da ake kashewa kullum ya zama jari na lokaci guda.

Tsarin ba baƙo ba ne. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta daɗe tana koyar da malamai ta hanyar littattafai da haɗuwa lokaci-lokaci a cibiyoyin karatu. A 2022 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, wanda aka tsara shi ya yi aiki da intanet ko babu ita.

Abin da ya kamata 'yan kasuwa su lura da shi shi ne, hanyar rarraba kayan tana nan tuni. Masu tura fina-finai da wa'azi a waya, da masu shagunan caji, sun san wannan sana'a ciki da waje. A ganinmu wahalar tana wurin sabuntawa, domin darasin da ke cikin kati ba ya gyara kansa in manhajar karatu ta canja. Saboda haka mai shago yana bukatar yarjejeniya da makarantar da ta mallaki darussan, ya riƙa karɓar sabon zubi kowane zango, ya kuma kauce wa shari'ar satar fasaha.